Auren Zumunci da Ciwon Ɗan Yayanki

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce tun da likitoci suka gano ciwon ɗan yayanki, na ƙarancin wani sinadari mai suna MCAD a jikinsa, ake ta surutu, wasu na cewa daga uwarsa ya ɗauko, wasu na cewa auren zumunci ne ya jawo, ga kuma maganar aurenki da ɗan baffanki ta taso. Kina so ki san ko al'adar ce ke kawo cutar.

Zan fara da uwar yaron, domin ita aka fi zalunta. A kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, su ne murhun da ke mayar da abinci ƙarfi. Gaskiya ne suna da ƙwayoyin gado nasu na kansu guda 37, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsu. A nan masu zargi suka sami madafa. Sai dai ciwon wannan yaro ba ta nan ya biyo ba. Sinadarin da ya gaza a jikinsa, wanda likitoci ke kira MCAD, a cikin mitokondiriya yake aiki, amma umarnin haɗa shi yana cikin ƙwayar gado mai suna ACADM, a kan kuromosom na 1, wato ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Kowa na da ita biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, kuma sai duka biyun sun sami tawaya ciwon ke fitowa. Ashe yayanki ma yana ɗauke da shi, yadda matarsa ke ɗauke da shi. Babu mai laifi a cikinsu, kuma ina so ki faɗi haka duk inda kika ji ana yi da ita.

Aikin sinadarin shi ne farfasa wani nau'in kitse idan sukarin jiki ya ƙare. Wanda ba shi da shi, doguwar yunwa ce abokiyar gabarsa. Zazzaɓi ko amai ya hana shi ci, sukarin jini ya faɗi, jiki ya saki, wani lokaci har jijjiga ko doguwar suma. Kada a bar shi ya daɗe ciki ba komai, ko da dare ne, in kuma ya kasa ci a garzaya asibiti a yi masa ƙarin ruwa mai sukari. Yaran da aka kula da su haka suna girma lafiya lau. A Ingila da Amurka tun jariri na 'yan kwanaki ake ɗiban jini a diddigensa a duba.

To, batun zumunci. Ba ya ƙirƙirar cuta, yana dai sauƙaƙa haɗuwar masu ɗauke da ita, tunda 'ya'yan wa da ƙane sun yi tarayya a kashi 1 cikin 8 na ƙwayoyin gadonsu. Lissafin irin na sikila ne: in masu ɗauke da ita biyu suka yi aure, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Ke da kike ciki ɗaya da yayanki, yiwuwar kina ɗauke da ita rabi da rabi ne.

Ban ce ki fasa ba, ban kuma ce ki rufe ido ki shiga ba. Ki karɓi takardar gwajin yaron daga wurin yayanki, domin sanin ainihin tawayar da aka gano zai sauƙaƙa wa likita bincike. Ku je a gwada ku, ke da ɗan baffan naki, tun kafin a sa rana.