Ku Tambaya Mu Amsa: Cire yara daga makaranta don tafiya ana tsakiyar zangon karatu

Wasiƙu biyu muka zaɓo a wannan fitowar, ɗaya daga Ingila, ɗaya daga Kaduna, kuma duk a kan magana ɗaya suke.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum Malama. Ni ma'aikacin jinya ne a birnin Manchester na Ingila, ina da 'ya'ya uku masu shekara 13 da 9 da 6, dukkansu a makarantun gwamnati. Za a yi bikin autarmu a Kano cikin watan Nuwamba, kuma Hajiyarmu, wadda girma ya kama, ta ce tana son ganin jikokinta, musamman ƙaramin da ba ta taɓa gani ba sai ta waya. Na nemi izinin mako uku, makarantun biyu duk sun ƙi. Wani abokina ya ce in ce yaran ba su da lafiya, wani kuma ya ce in tafi kawai in biya tara idan na dawo, tunda sauƙin tikitin Nuwamba ya fi kuɗin tarar. Mene ne shawararki?

Daga mahaifin yara uku, Manchester.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a auren, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Zan fara da abin da doka ta ce, domin da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke can suna aiki ne da labarin da waɗanda suka riga su zuwa suka ba su, alhali dokar ta sauya sau biyu tun daga wancan lokacin.

Kafin watan Satumba na 2013, shugaban makaranta a Ingila yana da ikon bai wa yaro hutun da ya kai kwana goma a shekara domin tafiya da iyayensa. Tun daga wannan watan aka soke wannan dama, aka ce ba za a ba da izini ba sai da wani uzuri na musamman, kuma shugaban makarantar ne kaɗai ke yanke hukuncin abin da ya cancanci a kira uzuri. Sannan daga 19 ga Agusta, 2024, aka fito da tsari guda ga ƙasar baki ɗaya. Ana kiran suna sau biyu a rana, da safe da kuma bayan abincin rana, kuma idan yaro ya rasa kira goma ba da izini ba cikin makonni goma na karatu, wato kwana biyar ke nan, dole makaranta ta duba ko za a ci tara. Tarar fam 80 ce idan an biya cikin kwana 21, ta koma fam 160 idan an wuce hakan, a biya kafin kwana 28 su cika. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne ana lissafa ta ne a kan kowane yaro, kuma a kan uba daban, uwa daban. Kai da maiɗakinka da yara uku, takardar tara shida ke nan, fam 480 idan kun biya da wuri, fam 960 idan kun yi jinkiri. Idan aka sake cikin shekara uku, fam 160 ne kai tsaye babu rangwame, a karo na uku kuwa ba a ƙara cin tara, kotu ake iya kai mutum.

A nan ne lissafin abokinka na biyu ya gaza. Shi yana kallon tarar kamar kuɗin shiga ne, ka biya ka wuce, alhali ƙaramar hukuma tana da ikon tsallake tara ta kai magana kotun majistare tun a karon farko idan ta ga fashin ya yi tsawo, kuma mako uku kwana 15 ne na karatu, ninki uku na abin da aka ƙayyade. Dokar Ilimi ta 1996, sashe na 444, ta ba kotu damar cin tarar da ta kai fam 1,000, ko fam 2,500 da ɗaurin da ya kai wata uku idan an tabbatar mahaifi ya san yaron ba ya zuwa kuma ba shi da hujja. Tarar ƙaramar hukuma ba ta shiga tarihin mutum a matsayin laifi, amma hukuncin kotu yana shiga, kuma kai ma'aikacin jinya ne wanda ake binciken tarihinsa kafin a ɗauke shi aiki, ga kuma takardun neman izinin zama na dindindin da na zama ɗan ƙasa, waɗanda ke tambayar ko kotu ta taɓa samun mutum da laifi. Wannan ba abin da za a auna da kuɗin tikiti ba ne.

Kada kuma ka dogara da cewa yaranka ba su saba fashi ba. Wani mutum mai suna Jon Platt, daga tsibirin Wight, ya kai 'yarsa yawon buɗe ido jihar Florida ta Amurka na mako guda a watan Afrilu na 2015, ya ƙi biyan tarar fam 60 da aka ci shi, yana mai cewa halartar 'yarsa ta haura kashi 90 cikin ɗari. Kotun majistare ta ba shi gaskiya, Babbar Kotu ma ta ba shi gaskiya a 2016, amma a ranar 6 ga Afrilu, 2017, Kotun Ƙoli ta rushe waɗannan hukunce-hukuncen, ta ce halartar makaranta a kai a kai tana nufin zuwa duk ranar da ƙa'idar makaranta ta ce a zo. Tun daga nan wannan ƙofar ta rufe. Wannan duka a Ingila ne; Wales da Scotland suna da nasu tsarin daban, don haka kada ka yi aiki da labarin wanda ke zaune a Glasgow ta Scotland.

Shawarar abokinka na farko kuwa, ina roƙonka ka bar ta tun daga nan. Ka riga ka rubuta takarda ka faɗi ranakun da kake so, to idan yara uku suka kwanta rashin lafiya a daidai waɗannan ranakun, babu wanda zai yarda, kuma makaranta tana iya neman shaidar likita ko ta aiko a duba gida. Abin da ya fi damuna ma shi ne yaron ɗan shekara shida, wanda zai dawo bakinsa cike da labarin jirgi da raƙuma da kakarsa, sai a ce masa ya yi shiru, ya ce wa malamarsa zazzaɓi ya yi. Ka kai shi Kano ne domin ya san asalinsa da tarbiyyar gidansu, bai kamata darasin farko da zai ɗauko daga tafiyar ya zama yadda ake yi wa malami ƙarya ba.

Yanzu bari in bar doka in faɗa maka abin da na gani da idona a shekarun da na yi ina koyar da lissafi a aji biyar na firamare. Akwai wata yarinya mai ƙoƙari da aka tafi da ita biki a tsakiyar zango na biyu, ta dawo bayan mako uku, lalle bai gama fita daga hannunta ba. A ranakun da ba ta nan ne muka shiga raba dogayen lambobi, kuma da ta dawo mun riga mun wuce zuwa abin da aka gina a kansa. Ina tuna yadda ta riƙe fensir tana kallon allo, tana satar kallon littafin ta kusa da ita, ita da a da take riga kowa ɗaga hannu. Ta kwafi duk rubutun da ta rasa cikin kwana biyu, littafinta ya cika tsaf, amma bayanin da aka yi a aji, da kuskuren da 'yan'uwanta suka yi aka gyara musu a gabanta, ba ya cikin littafin kowa. Sai da muka yi kusan wata guda muna zama da ita a lokacin hutun tara kafin ta dawo daidai, kuma abin da ya fi daɗewa bai dawo ba shi ne ƙarfin zuciyarta na ɗaga hannu. Shekarar karatu a Ingila kwana 190 ce, kwana 15 kuwa kusan kashi 8 cikin ɗari ke nan, a tafi ɗaya, ga ƙaramin da yake tsakiyar koyon haɗa baƙi da babban da ke sakandare inda kowane darasi da malaminsa.

Duk da haka ban ɗauki buƙatar Hajiya da wasa ba, kuma ba na cikin masu cewa zumunci zai iya jira har abada. Yaron da ya tashi a Turai bai taɓa zama a tabarmar kakarsa ba ya rasa wani abu da babu makarantar da za ta ba shi. Sai dai ka tambayi kanka ko makon biki ne zai ba shi wannan. Kai ka san yadda gidan biki yake: daga kamu zuwa sa lalle, ɗaurin aure, yinin biki, kai amarya, gida cike da baƙi tun safe har dare, Hajiya a matsayinta na uwar amarya ba ta da lokacin kanta balle na jika. Yaran za su gaishe da mutum ɗari, a ɗauke su hoto, su gaji, su dawo ba su yi hirar minti talatin da ita ba. A hutun bazara kuwa, wanda ke kai mako shida daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, gidan ya yi shiru, tana da lokacin da za ta zaunar da su ta ba su tarihin gidansu, su ci tuwo a kwano ɗaya da 'ya'yan 'yan'uwanka, Hausarsu ta warware.

Saboda haka shawarata ita ce ka raba tafiyar biyu. Kai ka je bikin ƙanwarka a Nuwamba, domin kai ne wa, kuma zuwanka ne ya zama wajibi. Yaran kuma ka sayi tikitinsu na Agusta tun yanzu, saboda saye da wuri yana rage tsada, ka kira Hajiya ka faɗa mata ranar da za su sauka domin hankalinta ya kwanta. Da yake lokacin damina ne, ka kai su wurin likita makonni kafin tafiya a ba su maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da allurar shawara, domin jikin yaron da ya tashi a can bai saba ba. Idan kuwa jikin Hajiya ya yi tsanani har ana tsoron jira, wannan magana ce daban da biki: ka koma wurin shugabannin makarantun da takardar likitanta, ka nemi kwanaki kaɗan da ke manne da hutun mako guda na ƙarshen Oktoba ko hutun Disamba, domin rashin lafiya mai tsanani ta makusanci tana cikin abin da shugabanni da yawa ke karɓa a matsayin uzuri. Ka kuma sani cewa ranar Sallah tana da nata matsayi a dokarsu, ana ba da izinin ranar idin kanta a matsayin ranar ibada, amma wannan bai haɗa da kwanakin tafiya ba.

TAMBAYA TA BIYU

Malama, barka da aiki. Ni da maigidana muna son zuwa Umara a goman ƙarshe na azumi tare da yaranmu biyu, babbar tana ajin ƙarshe na sakandare, ƙaramin yana aji huɗu na firamare. Makarantar kuɗi suke yi, kuma mun biya kuɗin zango cif. Shugaban makarantar ya nuna rashin jin daɗinsa. Shin yana da hurumin hana mu?

Daga wata uwa, Kaduna.

AMSA

Hajiya, Allah ya karɓi niyya. A Najeriya babu tsarin tara irin na Ingila a kan fashin 'yan kwanaki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, ta tanadi gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda a karo na biyu, amma an yi ta ne domin masu hana yaro karatu gaba ɗaya. Don haka shugaban ba zai iya tsare ku ba, sai dai ina ganin rashin jin daɗin nasa kishin 'yarki ne, kuma ya cancanci ki saurare shi.

A shekarun nan azumi yana faɗowa ne a zango na biyu, wanda shi ne zango mafi nauyi ga 'yan ajin ƙarshe. A cikinsa ake jarrabawar gwaji, ake kammala manhaja kafin jarrabawar WAEC da ke zuwa wajen Mayu da Yuni da ta NECO da ke biye da ita, kuma rajistar JAMB sai ɗalibi ya je da kansa an ɗauki hoton yatsunsa, babu wanda zai yi masa. Kuɗin da kuka biya ba zai sa a maimaita mata waɗannan ba. Ni a ganina babbar ta zauna wurin 'yar'uwarki ko kakarta, ku yi mata alkawarin tata Umarar bayan ta ajiye alƙalami a Yuli, kuma ku cika.

Ƙaramin nasa da sauƙi, amma ki fara duba jadawalin makarantar, domin a 2025 jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu saboda azumi, wasu makarantun kuma kan daidaita hutunsu da Sallah, ta yiwu kwanakin da zai rasa ba su kai yadda kike zato ba. Idan tafiyar ta ci karo da gwaje-gwajen da ake tara makinsu cikin sakamakon zango, ki je da kanki wurin malamin ajinsa mako biyu kafin tafiya, ki roƙa a ba shi nasa kafin ya tafi ko bayan ya dawo, ki karɓi jerin darussan da za a yi. Ki kuma yi la'akari da cunkoson Harami a goman ƙarshe ga yaro ɗan shekara tara da zai bi ku tsayuwar dare. Idan kuna da halin zaɓe, farkon watan ya fi masa sauƙi, kuma falalar da hadisi ya ambata ta Umara a cikin Ramadan ta shafi watan ne baki ɗaya.