Maƙwabcina na narka dalma a jikin katangata

Tambaya: A Ƙofar Marusa nake, cikin Katsina. Maƙwabcina yana fasa tsofaffin batiran mota yana narka dalma a kangon da ke jikin katangata. Autana ya rame, ba ya cin abinci. An ce min tsarin mulki ya ba ni haƙƙin muhalli mai tsabta, kotu za ta rufe wurin a biya ni diyya. Haka ne?

Amsa: Allah Ya ba yaron lafiya, Malam. Kafin zancen kotu, a kai shi asibiti a nemi gwajin dalma a jininsa. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yara, tana ƙarar da jini, kuma sau da yawa sai ta yi nisa ake ganewa. Ita ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ƙurarta kan bi tafin hannu ta shiga tuwo, don haka a hana yara wasa a gindin katangar.

Wanda ya ba ka wancan labari bai ƙarasa maka ba. Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, amma yana cikin Babi na 2, wanda sashe na 6(6)(c) ya ce ba a tilasta shi ta kotu. Da wuya ka tsaya a kansa kaɗai.

Ƙofar da kake da ita ita ce ƙarar cutar da maƙwabci. Ko a kotun shari'ar Musulunci ƙa'idar "la darara wa la dirara" (ba cuta, ba cutarwa) tana nan, mai yiwuwa alƙali ya hana shi aikin. Diyya kuwa wata magana ce daban. Sai ka tabbatar dalmar kangonsa ce ta kwantar da yaron, shi kuma zai iya cewa kwallin da ake sa masa ne, tunda wani kwallin na ɗauke da dalma. Ban ga takardun likita ba, ba zan yi maka alkawari ba.

Mutumin da ke wannan aiki a tsakiyar gidajen iyali ya yi ganganci, amma kada ka taɓa masa kaya, kada ƙara ta juyo kanka. Ka rubuta koke ga duba-gari da hukumar muhalli ta jiha, ka kai kwafi NESREA (hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli), ka adana hotuna.

Da ni ne, zan fara da mai unguwa. A zaunar da maƙwabcin gaban shaidu, ya sa hannu zai kwashe zuwa bayan gari, a kankare ƙasar kangon, ya ɗauki kuɗin magani. Shari'a na iya cin shekaru, yaron kuma yana nan yana shaƙa.