Kuɗin Safiyon Kaya: Amsa Ga Mai Shirin Fitar Da Riɗi Daga Gombe

Wani ɗan kasuwa daga Tudun Hatsi a cikin garin Gombe ya aiko da tambaya kamar haka: "Na daɗe ina tara riɗi ina sayar wa masu kai shi Legas. Bana na sami mai saye a Turkiyya, mun daidaita a kan kwantena ɗaya ta gwaji zuwa tashar Mersin. Sai dai ya kafa sharaɗin cewa dole wani safiyo mai zaman kansa ya duba kayan kafin a loda su, kuma ni zan biya shi. Abokina ya ce ɓarnar kuɗi ce, tunda akwai masu duba jirgi, ga kwastam, ga jami'an gwamnati masu duba amfanin gona. Mene ne aikin wannan safiyo, kuma in biya ko in nemi a cire sharaɗin?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a wannan nema. Shawarata ita ce ka biya, kuma da a ce mai sayen bai kafa wannan sharaɗi ba, da ni zan ce ka nemi a saka shi, domin kai ne ka fi kowa bukatarsa. Amma tunda kuɗinka ne zai fita, ya kamata ka san abin da kake saye da shi.

Mu nan idan aka ce safiyo, hankali yakan tafi ga mai auna fili ya kafa duwatsun iyaka. A harkar teku sunan ya haɗa mutane da dama waɗanda aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne abokinka ya gauraya lamarin. Akwai safiyon da ke duba jirgin kansa: kaurin ƙarfen jikinsa da inda tsatsa ta ci, injinsa, famfunan fitar da ruwa, murafan rumbunan da ake zuba kaya, da kayan kashe gobara. Galibinsu ma'aikatan wasu tsofaffin ƙungiyoyi ne masu tantance ingancin jirage, irin su Lloyd's Register ta Landan wadda tushenta ya koma shekarar 1760, da Bureau Veritas da aka kafa a 1828, da DNV ta ƙasar Nowe da aka kafa a 1864. Jirgin kasuwanci yakan sha dubawa kowace shekara, sannan duk bayan shekara biyar a yi masa babban bincike, kuma wanda ya rasa takardar shaidarsu da wuya ya sami inshora ko mai ɗaukarsa haya. Bayan su akwai jami'an ƙasar da jirgin ya shigo tasharta. A Najeriya hukumar NIMASA ce ke da wannan hurumi, kuma tana aiki tare da takwarorinta na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a ƙarƙashin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Abuja a 1999, wadda a kanta ake hawa baƙon jirgi a duba shi, idan an sami babban aibi a tsare shi har sai ya gyara. Cikin abin da suke dubawa har da wata da'ira mai layi a tsakiya da ke gefen kowane babban jirgi, wadda ke nuna iyakar da zai nutse idan an yi masa lodi, alamar da ta samo asali daga dokar Ingila ta 1876 bayan gwagwarmayar wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, kan jiragen da ake cika wa kaya su nitse da ma'aikatansu.

Duk wannan aiki ne mai daraja, kuma rayukan mutane a kansa suke. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai buɗe kwantenarka ya ɗebi riɗi a tafin hannunsa. Damuwarsu jirgin ya isa lafiya. Kwastam kuma damuwarsu ko abin da ka rubuta shi ne a ciki, kuma ko doka ta yarda a fitar da shi. Takardun hukumar duba amfanin gona ta tarayya da ta hukumar killace tsirrai wajibi ne, ba za ka tsallake su ba, sai dai ba su ɗaure bakin mai sayenka idan ya zo yana ƙorafin nauyi ko tsabta, matuƙar yarjejeniyarku ba ta ce da su za a yi hukunci ba.

Ga inda nake so ka tsaya da kyau. Idan ka cika kwantena ka rufe ta ka miƙa wa kamfanin jirgi, zai ba ka takardar lodi, kuma a jikinta za ka ga an rubuta cewa mai kaya ne ya loda ya ƙirga, kwantenar kuwa "an ce" tana ɗauke da buhu kaza. Ma'anar wannan ita ce kamfanin ya karɓi akwatin ƙarfe a rufe, bai ga abin da ke ciki ba, kuma bai yi maka shaida a kansa ba. Ko nauyin da ake tantancewa kafin a ɗora kwantena a jirgi, wanda ya zama tilas a duniya tun 1 ga Yuli 2016, nauyin akwatin ne gaba ɗaya saboda kada jirgi ya karkace, ba shaidar ingancin riɗinka ba ne. To ka ɗauka kayan sun isa Mersin bayan makonni, aka buɗe aka tarar da buhunan sama sun jiƙe sun yi fumfuna, ko mai saye ya ce ya auna ya sami gibi. Tambaya ɗaya kowa zai yi, daga kamfanin jirgi har mai inshora har mai sasanta rikici: a wane lokaci ɓarnar ta faru, kuma a hannun wa kayan suke a lokacin? Kamfanin jirgi zai ce haka aka ba shi. Mai saye zai ce haka ka aiko. Kai kuma kana Gombe, ba ka da abin nunawa sai rantsuwa, alhali rantsuwar da ke kashe magana a Tudun Hatsi, inda aka san ka aka san mahaifinka, ba ta da nauyi a gaban wanda bai taɓa ganinka ba. Safiyon kaya shi ne shaidar da ɓangarorin biyu suka yarda da shi tun kafin a sami saɓani. Mai sayenka ba ya son cinikin biri a sama, kai ma bai kamata ka yarda a yanke maka kuɗi a kan abin da ba ka gani ba.

Aikinsa a ranar lodi ba sirri ba ne, kuma ina ba ka shawarar ka tsaya a wurin ko ka tura yaronka wanda ka amince da shi. Zai fara da kwantenar tana wofi. Zai shiga a rufe ƙofa, ya duba ko haske na shigowa ta wata kafa, domin inda haske ya bi ruwa zai bi. Zai duba robar bakin ƙofa, ya taɓa katakon daɓen ko da laima, ya shinshina ko an taɓa ɗaukar sinadari ko fata ko kifi a ciki, saboda riɗi mai yawan mai ne, yana saurin ɗaukar wari. Idan kwantenar ba ta yi ba zai ƙi ta, kuma wannan ƙin kaɗai yakan cece ka daga asarar da ta fi kuɗin aikinsa nesa ba kusa ba. Daga nan zai ƙirga buhuna suna shiga, ya tabbatar da sikelin da ake amfani da shi, ya soki buhuna daga wurare dabam-dabam ya haɗa samfur, ba daga na bakin ƙofa kaɗai ba. Samfurin ana raba shi kashi-kashi a rufe da hatimi, ɗaya ya tafi ɗakin gwaji a auna danshi da yawan mai da adadin tsakuwa da ƙaiƙayi, sauran a adana saboda ranar gardama. A ƙarshe zai ɗauki hotuna, a rufe ƙofa a gabansa, ya rubuta lambar hatimin da aka sa. Wannan lamba ka riƙe ta kamar yadda kake riƙe rasit, domin idan aka isa aka ga wata lambar dabam, magana ta tashi daga kanka.

Danshi shi ne abin da na fi jiye maka. Riɗin Gombe yakan bushe da kyau a lokacin hunturu, amma zai yi tafiyar sama da kilomita 1,000 zuwa Legas inda iska ke cike da laima, wataƙila ya yi kwanaki a sito, sannan ya hau teku ya nufi Turkiyya daidai lokacin sanyinsu. Idan ƙarfen kwantena ya yi sanyi, laimar da ke ciki takan taru a rufi ta riƙa ɗiga a kan buhunan sama kamar yayyafi, ko da babu huda ko ɗaya. Masu inshora sukan ƙi biyan ɓarnar da ta samo asali daga halin kayan kansu ko daga rashin shirya su da kyau, don haka rahoton da ya nuna an loda riɗin a bushe, an shimfiɗa takarda mai kauri, an rataya jakunkunan tsotse laima, yana iya zama bambanci tsakanin a biya da a ƙi.

Sai dai takardar safiyo ba ta da ƙarfi fiye da abin da yarjejeniya ta ba ta, kuma nan ne sababbin masu fitar da kaya suka fi yin sake. Kafin ka sa hannu, nemi a rubuta ƙarara cewa nauyi da inganci na ƙarshe su ne waɗanda safiyo ya tabbatar a wurin lodi. Idan aka rubuta cewa sai abin da aka auna a wurin sauka, to ka biya safiyo a Legas amma hukunci yana Mersin. A kuma rubuta sunan kamfanin da zai yi binciken, da iyakar danshi da tsabtar da aka yarda da su da lambobi, kada a bar su a kan "kaya masu kyau". Akwai manyan kamfanoni da suka shahara a wannan aiki a duniya, irin su SGS da Intertek da Cotecna da Bureau Veritas (wadda ban da duba jirage tana duba kaya), kuma ƙungiyar FOSFA da ke Landan, wadda ke tsara yarjejeniyoyin cinikin irin da ake tatsar mai, tana da jerin masu binciken da ta amince da su. Idan ta banki za a biya ka da takardar lamuni, wato alƙawarin bankin mai saye na biyanka idan ka kawo takardun da aka nema, ka sani banki takardu yake dubawa ba riɗi ba, saboda haka kalmomin da ke takardar safiyo dole su dace da waɗanda aka nema, in ba haka ba kuɗinka ya maƙale ko da kayanka sun fi na kowa kyau.

Batun kuɗin aikin kuma, nemi farashi a rubuce daga kamfani biyu ko uku, kowanne ya fayyace ko gwajin ɗakin bincike da kuɗin zirga-zirga suna ciki, sannan ka saka shi cikin farashin da za ka ba mai saye kamar yadda kake saka kuɗin mota da na 'yan dako. Kwantena mai ƙafa 20 takan ɗauki kusan tan 19 na riɗi, wato buhu 380 masu kilo 50. Idan mai saye ya ce ya sami gibin kashi 2 cikin 100 kawai, kilo 380 ke nan, fiye da buhu bakwai, kuma ba ka da bakin musawa idan ba ka da takarda. Ka kwatanta kuɗin buhu bakwai da abin da aka ce ka biya, ka kuma tuna cewa ƙorafin danshi yakan fi haka tsada sosai.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka a kansa da babbar murya. Safiyo ba dillali ba ne, ba la'ada yake ci idan ciniki ya faɗa ba, kuma darajarsa duka tana cikin cewa ba ya bayan kowa, har da kai da ka biya shi. Idan wani ya yi maka tayin takarda ba tare da an zo an duba ba, ko ya ce zai gyara maka lambar danshi, ka guje shi, domin mai saye zai sa a sake gwaji a can, kuma ranar da sakamakon biyu suka yi hannun riga ka rasa kuɗi ka rasa suna a kwantenar farko. Hanyar da ta fi ita ce ka sa a gwada samfur tun kayan suna sitonka a Gombe, inda rana da masu sheƙa da rairaya suke kusa kuma da araha, maimakon ka ji labarin gazawa bayan mota ta sauke a Legas ana ƙirga maka kuɗin ajiya.

Game da inshora, idan cinikinku na FOB ne, wato wanda nauyinka ya tsaya a kan kai kayan har cikin jirgi, haɗarin kayan yana komawa kan mai saye da zarar sun hau jirgi, amma daga Gombe zuwa tasha naka ne, kuma wannan doguwar hanya ce da ta cancanci kariya. Idan kana da damuwa ta addini kan inshorar da aka saba, akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, masu lasisin hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya, ka tambaye su ko suna rufe kayan da ke kan hanya.

Idan kuma Allah ya ƙaddara aka sami matsala a wurin sauka, kada ka amsa laifi ta waya kuma kada ka yarda da ragi nan take. Ka nemi mai saye ya dakatar da sauke kayan, ya ɗauki hoton hatimin da lambarsa, ya sanar da kamfanin jirgi da mai inshora a rubuce a ranar, domin a ƙarƙashin wasu ƙa'idojin sufurin teku kwana uku kacal ake bayarwa ga ɓarnar da ba ta fito fili ba. Sannan ka nemi a yi binciken haɗin gwiwa, inda safiyon kowane ɓangare zai halarta a buɗe tare, a kwatanta abin da aka tarar da samfurin da aka rufe da hatimi a ranar lodi. Kamfanin da ya yi maka aiki a Legas, in babba ne, yana da reshe ko wakili a Turkiyya da zai tsaya a madadinka, don haka ka tambaye shi sunan wannan wakili da yadda ake kiransa tun kafin jirgi ya tashi.