Akwati na 1 a W-2 ya nuna sifili, sai na cike takardar haraji?

'Yar'uwa, kin ce kina jinyar mahaifiyarki a gida ɗaya a Amurka, shirin Medicaid na jiharku (shirin gwamnati na kula da lafiyar masu ƙaramin ƙarfi) yana biyanki, amma W-2 ɗinki, wato takardar da ke nuna albashinki na shekara da harajin da aka cire, ta zo da sifili a akwati na 1, inda ake rubuta albashin da ake ɗora wa haraji. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri.

Kada hankalinki ya tashi, galibi ba kuskure ba ne. Tun 2014 hukumar haraji ta Amurka, IRS, ta fitar da sanarwa mai lamba 2014-7, wadda ta ce kuɗin da shirin Medicaid na jinya a gida (Medicaid waiver) ke biyan mai jinya da ke zaune gida ɗaya da majinyaci ba ya shiga harajin tarayya na kuɗin shiga. Duba akwati na 12, wataƙila ki ga adadin a can da alamar II.

Idan ba ki da wata hanyar samun kuɗi, mai yiwuwa doka ba ta tilasta miki cikewa ba. Amma ni dai shawarata ki cike. Bayan wata shari'a da aka yi a kotun haraji ta Amurka a 2019, wadda ake kira shari'ar Feigh, an yarda ki ƙirga kuɗin nan a matsayin na guminki wajen neman tallafin EITC (rangwamen haraji ga ma'aikata masu ƙaramin samu) da na yara, kuma hakan ba zai sa a ɗora masa haraji ba. Sai dai ko ki ƙirga duka, ko ki bar shi duka. Sannan in akwati na 2 ya nuna an cire miki wani abu, sai kin cike za a mayar miki.

Wa'adi 15 ga Afrilu ne. In manhajar cike haraji ta ƙi karɓar sifilin, ɗauki takardunki ki je cibiyar VITA mafi kusa, inda 'yan sa-kai ke taya mutane cike takardar haraji, kyauta suke taimakawa.