Amsa: Me ya sa na Asabar ke gagara?

Malam, ka ce wasan cike gurbin kalmomi na jaridar New York Times yana ba ka wuya ranar Asabar. Da gangan suka tsara shi haka: na Litinin ne mafi sauƙi, wuyar tana ƙaruwa har Asabar, kuma na Asabar galibi ba shi da jigo. Ka koma na Litinin. Fara neman amsoshi mafiya tsawo, a nan jigon yake ɓoye, in ka gano shi sauran sai su biyo.

Sai ka haddace gajerun sunayen da suke yawan dawowa saboda wasulansu, kamar Etna, dutse mai aman wuta a Sisili, da Erie, tafkin da ke tsakanin Amurka da Kanada. In ka ga alamar tambaya a ƙarshen bayanin da aka bayar don gano kalma, to akwai zolaya, kar ka ɗauke ta kai tsaye.