Wasiƙa, Shuf'a da Cinikin Biri a Sama

*Malam, daga ina kalmar "wasiƙa" ta samo asali?*

Daga Larabci, wathiƙa, kuma asalinta ba takardar gaisuwa ba ce, takardar hujja ce wadda shaidu suka sa wa hannu. A Andalus, wato Sifen ta zamanin mulkin Musulmi, rubuta irin wannan takarda fanni ne guda da ake karantawa. Ibnul Aɗɗar na birnin Ƙurɗuba (Cordoba), wanda ya rasu a 1009, da Ibnu Mugis na birnin Ɗulaiɗila (Toledo), wanda ya rasu a 1067, kowannensu ya bar littafin samfurin irin waɗannan takardu. Ta cinikin gida tana farawa da "wane ya saya daga wane", sai unguwa, sai iyakoki huɗu, sai kuɗi da cewa an karɓe su cif. Sannan a rubuta cewa su biyun sun san abin da suka ƙulla, kuma in mai haƙƙi ya ɓullo daga baya, mai saye zai koma wa mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa. Adilai biyu su shaida, a sa wata da shekara. Mai karanta su ya yi hattara: "alƙibla" a iyakokinsu kudu ake nufi, ba gabas irin tamu ba. Ko bayan Kiristoci sun karɓi Ɗulaiɗila a 1085, an yi kusan shekara 200 ana rubuta cinikin gidaje da gonakin inabi da Larabci. Mu kuwa mun rage wa kalmar nauyi har saƙon waya wasu ke kira wasiƙa. Haba!

*Maƙwabcina ya sayar da gidansa bai taya mini ba. Ina da shuf'a?*

A mazhabar Malik, babu. Shuf'a haƙƙin biyan kuɗi a karɓe abin da aka sayar wa wani ce, kuma ta abokin tarayya ce a gida ko gonar da ba a raba ba. Haka take a Tuhfa, littafin shari'a ta Ibnu Asim na birnin Garnaɗa (Granada), wadda har yau ake karantawa a zaurukanmu. Hanafawa ne ke ba maƙwabci. Masu cewa "ai katangarmu ɗaya" su daina jingina wa Malik.

*"Cinikin biri a sama" fa?*

Sayen abin da bai zo hannu ba. Malaman fiƙihu garari suke ce masa.

*"Dillali" Hausa ce?*

Aro ce, daga Larabci, dallal.