Sai Hannu Ya Taɓa Kunne

Ummi, saƙonki ya iso, sau biyu na saurare shi. Da fari dariya na yi har Malam ya leƙo yana tambaya ko lafiya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai surukarki ta ce kada a sa Abba a makaranta sai hannunsa ya taɓa kunne, ke kuma kina son Gwaggo ta gaya miki ko al'ada ce ko camfi. Yaron da shekaranjiya aka yaye shi! Shekara biyu da rabi, har an saya masa jakar goyo?

Ni nan da kike gani kunnen nan ya taɓa kayar da ni. A 1976 ne, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe karatun firamare kyauta, wanda ake ce wa UPE. Mai unguwa ya bi gida-gida a Yakasai yana cewa a fito da yara. Takardar haihuwa kuwa wa ya san ta? Duk a ɗaki ungozoma ta yanke mana cibiya. Aka jera mu a gindin darbejiya, hedimasta yana zaune da rajista, kowa ya zo sai ya ɗora hannun dama ta tsakiyar ka ya kamo kunnen hagu. Ƙawata Ladi ta kama nata, aka rubuta ta. Da aka zo kaina na miƙa, na miƙa, yatsuna suka tsaya a saman kunnen. Sai na karkace wuya a hankali. Mutumin nan ya miƙo rula ya daidaita mini kai, ya ce, "'Yar malam, sai baɗi." Da kuka na isa gida, takalmina ɗaya a hannu.

Kakarmu Iya ba ta lallashe ni ba. Cewa ta yi in buɗe baki. Ta duba, ta ce, "Ko famfara ba ki fara ba, ina za ki? Da rarrafe yaro kan tashi." Ta miƙo mini allona ta ce in wuce wurin malam, inda ko babbaƙu ban gama ba, rabin zaman ma gyangyaɗi ne. Da shekara ta zagayo na koma layin da wawulo a baki, ina rufe shi da hannu kada ƙadangare ya gani haƙorin ya ƙi fitowa, kunne kuwa har da rara.

Sai da na girma wata ma'aikaciyar jinya ta warware mini abin: kan ƙaramin yaro babba ne a kan jikinsa, hannuwa gajeru, sai wajen shekara shida gaɓoɓi ke miƙewa, daidai lokacin da haƙoran nono ashirin ɗin nan ke fara zuba. Su Iya ba su karanta wannan a ko'ina ba, ido kawai suka sa. Ita Iya lissafinta bakwai ne: a bakwai ake umartar yaro da salla, kamar yadda ya zo a hadisi, a bakwai wanzami ke yi wa maza kaciya da hunturu, a nan ake fara aiken yaro ya dawo da canji daidai. Kafin nan aikinsa tuwon ƙasa ne da 'yar tsana da bin yayye wasan langa, da tambayar da ba ta ƙarewa. "Sauri ya haifi nawa," in ji ta, duk sanda aka matsa wa yaro.

Yanzu fa? Da sassafe ina ganinsu a Adaidaita Sahu, an cusa su kamar buhunan albasa, barci suke, wani da kunzugu a jaka. A dawo da azahar, ga aikin gida, ga lesin, ga Islamiyya. Yaushe zai taɓa ƙasa? Na sani kina zuwa aiki, gidajenku kuma ba irin namu ba ne mai kaka da kishiyoyi da yara goma a tsakar gida. Wannan kam ban da bakin magana.

Ki kawo mini shi ranar Juma'a in gwada kunnen da kaina. Kada kuma ki ce wa surukarki camfi, ko a waya.